Motar da ke ɗingishi sai ta ga dama: yadda ake kama rate mai zuwa yana ɓacewa

Ƙanena yana da wata BMW Z4 ƙirar 2004, mai silinda shida a jere, lita 3, injin nan da ake kira M54. Motar nan ta kusa sa masa hawan jini a bazarar da ta wuce, ni ma ta ci min lokaci ba kaɗan ba don duk sanda ta yi halinta ni yake kira, "yaya ta kuma fa." Ni ba makaniki ba ne, kawai na daɗe ina zaman bakin garaji kuma ina da karambanin kayan wuta. Abin da take yi shi ne, da safe ka tada ta lafiya lau, ka zaga Plateau ka je Yantala ka dawo ko tari ba ta yi, sai rana ta take ya hau gadar Kennedy zai tsallaka Harobanda, ko ya fita hanyar Dosso ya ɗan taka mata, nan za ka ji ta hau kakkarwa kamar mai masassara, ƙarfi ya ragu, fitilar injin ta dinga ƙiftawa a tablo. Ya faka gefe ya kashe ya sake ba ta kontak, sai ta tashi sumul kamar ba ita ba. In an kai ta garaji kuwa ko sau ɗaya ba ta yi a gaban makaniki. Har wani a fadarmu ya ce masa ya nemi malam, wai baki ne ya kama motar.

Wannan shi ne abin da makanikanmu ke cewa rate, ƴan'uwanmu na Najeriya su ce mota tana mis, wasu kuma su ce tana tafiya da ƙafa biyar. Ma'anarsa dai silinda ɗaya ta ƙi kama wuta a lokacin da ya kamata ta kama. Kowace silinda abu uku take nema: iska da esans a haɗe daidai gwargwado, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na esans in an auna da nauyi, sai matsi wato kompresiyo, sai tartsatsin buji a kan lokaci. In injin yana juyi 3000 a minti, kowace silinda sau 25 take kama wuta a cikin sakan ɗaya, su shida sau 150 ke nan. To a cikin wannan ruwan wutar ne ake neman wadda take fashi jefi-jefi.

Rate da ya zauna daram ba shi da wuya, ko yaron garaji zai gano shi, ya dinga cire fish ɗin bobin, wato abin da ke ƙara ƙarfin wuta ya aika wa buji, ɗaya bayan ɗaya, wadda ya cire injin bai canza murya ba ita ce matacciya. Mai zuwa yana ɓacewa shi ne ɗan banzan, domin kayan bai mutu ba tukuna, jinya yake. Yana iya ɗaukar ƙaramin aiki, in aka ɗora masa babba sai ya durƙusa. Abin da mutane ba sa ganewa ke nan, suna cewa motar tana yi ne haka kawai ba dalili, alhali tana da lokacinta da yanayinta, mai ita ne bai lura ba. Na tambayi ƙanena, da sanyin safiya ta taɓa yi? Ya ce a'a. A ralanti, kana tsaye a danja? A'a. A wane bites? Ya yi shiru can ya ce yawanci na huɗu ko na biyar, in yana tafiya a hankali sai ya taka da ƙarfi don ya wuce wata mota ba tare da ya sauko da bites ba. Kilim a kunne? Ya ce yaya a watan Afirilu a Yamai wa ke kashe kilim. Wannan amsar ta fi min duk abin da aka gaya masa a garaji biyu.

Ga dalili. Tartsatsin buji ba kullum yake buƙatar ƙarfin wuta iri ɗaya ba. A ralanti iska kaɗan ce ke shiga silinda, matsin ba yawa, wuta tana tsallaka bakin buji cikin sauƙi. Amma in ka danne akselerata injin yana ƙasa-ƙasa a babban bites, silinda ta cika maƙil, matsi ya hau, sai tartsatsin ya nemi bolt dubu ashirin ko fiye kafin ya iya tsallakawa. Ita kuma wuta ragguwa ce, duk inda ta ga hanya mafi sauƙi nan take bi, in akwai tsaga a jikin bobin ko roba ta ƙone sai ta zille ta nan ta sauka a jikin injin, cikin silinda kuma shiru. Zafi ya ƙara taimaka mata, don siririyar wayar da aka naɗe cikin bobin tana buɗewa in ta yi zafi, in akwai inda ta fara karyewa sai ta rabu, in ta huce ta sake haɗuwa. Mu da muke ganin zafi ya haura digiri 40 a inuwa, ka ƙiyasta abin da ke ƙarƙashin kapo a cunkoson ƙarfe biyu na rana. Motocin tsere irin tasa kuma sun fi saurin nuna wannan, matsinsu ya fi yawa, na wannan injin 10.2 ne ga 1, kuma an cusa injin a wuri matsattse.

Shi kuwa batun a kashe a sake tayarwa ta warke, wanda ya sa ake zancen aljanu, aikin kalkilata ne, kwamfutar injin ke nan. Akwai kapta, wato ƴar na'urar da ke kai wa kwamfuta rahoto, da ke ƙirga haƙoran wani faifai a jikin bilbirke, sandar nan da fistan ke juyawa, duk sanda silinda ta kama wuta tana ɗan ingiza bilbirken ya ƙara sauri, in ta yi fashi sai ya ɗan ja baya na ƙiftawar ido, da haka kwamfutar ke sanin wace silinda ce ta yi. In fashin ya yi yawa, a irin waɗannan BMW ɗin sai ta rufe anjekta, wato mai fesa esans, na wannan silindar gaba ɗaya, kada ɗanyen esans ya wuce ya je ya ƙone cikin katalizar, matatar nan da ke cikin bututun hayaƙi. Ba za ta sake buɗe shi ba sai ka kashe ka tayar. Wato rate ɗin na sakan biyu ne ko uku, amma kakkarwar da ka sha tun daga kan gada har ka samu wurin fakawa kwamfuta ce ta ɗaure silindar da gangan. Kuma don Allah in fitilar nan tana ƙiftawa ba a tsaye take ba, ɗaga ƙafa ka nemi gefe. Ƙiftawar tana nufin katalizar na cikin haɗari, in ya narke ya toshe kuɗin da za ka kashe ya ninka na bobin shida nesa ba kusa ba.

Sai maganar baliz, na'urar nan da ake soka wa mota a karanta kod. A Amurka tun 1996 aka wajabta wa motoci wannan soket mai baki 16, a Turai motocin esans tun 2001, don haka kusan duk abin da ke shigo mana daga tashar jirgin ruwa yana da shi a ƙasan sitiyari. Akwai ƴar ƙarama ELM327 da ke haɗuwa da waya ta Bluetooth, ba ta da tsada, ita nake da ita. P0300 na nufin rate a silinda barkatai, P0301 zuwa P0306 kuma lambar ƙarshe ita ce silindar. Tamu P0304 ta nuna. Amma fa kod unguwa kawai yake gaya maka, ba ya nuna gidan ɓarawo. P0304 bai ce bobin ba, bai ce buji ba, ya ce dai ta huɗu tana fashi. Abin da ke ƙona min rai shi ne mai baliz da zai karanta ya goge nan take ya karɓi kuɗinsa ya ce an gyara. Tare da kod ɗin kwamfuta tana ajiye hoton yanayin da abin ya faru, juyin injin nawa, zafin ruwa nawa, gudu nawa, nauyin da ke kan injin nawa. Wannan shi ne shaidar da ta ga abin da idonta, in aka goge shi ke nan sai ka jira ta sake yi. Ka ɗauki hotonsa da waya kafin kowa ya taɓa.

Da a ce a ralanti take yi, in an taka ta ware, da iska zan fara zargi. Robar da ke tsakanin debimetir, wato ma'aunin iskar da ke shiga, da bakin injin tana tsufa ta tsage a cikin lanƙwasarta ta ƙasa inda ido ba ya gani, iska ta shiga ta bayan fage ba a auna ta ba, esans ya yi kaɗan. Wannan injin ya shahara da haka, shi da bututan numfashin mai. A baliz za ka ga P0171 ko P0174, kuma adadin esans da kwamfuta ke ƙarawa ya haura kashi 10 cikin ɗari a ralanti, in ka ɗaga juyi ya sauko. In kuwa akasin haka ne, a ƙasa lafiya amma can sama in an buɗe mata wuta sai ta shaƙe, to esans ne ba ya isowa, ko pomp ya gaji ko filtir ya toshe, sai a sa agogo a auna, bar 3.5 ya kamata a gani. Ƙurar hunturu ma tana lulluɓe debimetir ya dinga ba da lissafin ƙarya, balle waɗanda ke kaɗe filtir ɗin iska da kompiresa har ya huje su mai da shi. Kapta na bilbirke ko na arbirakam, sandar da ke buɗe ƙofofin silinda, in zafi ya taɓa su duk injin ne ke yankewa lokaci ɗaya, wani sa'in allurar juyi ta faɗi, wani sa'in ta mutu ta ƙi tashi sai ta huce.

Wanda nake tsoro shi ne na safiya. Ka tada mota ta yi kakkarwa na ɗan lokaci da farin hayaƙi sannan ta ware, ruwan radiyata yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ka cire bujin ka gan shi fes kamar an wanke. Wannan ruwa ne ke ɗiga cikin silinda da dare, juwan kulas ke nan, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ko kulas ɗin, kan injin kansa, ya tsage, kuma injin nan na alminiyom ne ba ya yafe zafi ko sau ɗaya. Nan sai awon kompresiyo, silinda shida su zo kusa da juna, in ɗaya ta faɗi ƙasa da sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari akwai magana. Alhamdu lillahi tamu ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan alamun.

Kowa a nan abin da yake fara cewa shi ne esans ne ba kyau. Gaskiya ne wanda ke shan na kwalba a wurin ƴan ruwa-ruwa yana iya haɗuwa da ruwa ko datti, kuma injin mai matsi irin wannan ba ya son esans mai rauni. Amma tanki ɗaya ne ke ciyar da silinda shida, ta yaya mugun esans zai tsallake biyar ya zaɓi ta huɗu kullum? In esans ne za ka ga P0300 ko lambobi suna yawo, kuma abin zai fara ne bayan an sha mai a wani wuri. Mu ta huɗu ce yau, ta huɗu ce gobe. Abu ne da ita kaɗai ta mallaka: bujinta, bobin ɗinta, anjektanta, wayarta, ko matsinta.

Garajin farko buji shida suka canza. Mota ta yi kwana goma sha lafiya ta dawo da halinta. Na biyu suka ce ai bobin ne, suka sa sabo a ta huɗu, ta yi sati biyu ta koma. Suka ce to a canza sauran biyar ɗin da anjekta, in bai yi ba a duba kalkilata, lissafin jikkunan da suka yi masa ya sa ya zo gidana da dare. Irin wannan gyaran na a-sayo-a-gwada shi ke cinye aljihu, balle yanzu da kaya ke daɗewa a hanya kuma jabu ya cika kasuwa, kwali iri ɗaya rubutu iri ɗaya, sai ka sa bobin sabo fil ya fi tsohon da ka cire lalacewa.

Na ce masa kar ya sayi komai, mu yi musanya. Dabarar tsohuwa ce kuma kyauta ce: ka ɗauke bobin na huɗu ka kai shi ta biyu, ka ɗauke bujin na huɗu ka kai shi ta shida, ka rubuta a takarda don wallahi za ka manta, sannan ka fita ka sa motar a daidai yanayin da take yi. In kod ya koma P0302 bobin ne, in P0306 buji ne, in ya tsaya a P0304 sai a juya kan anjekta da fish da waya da kompresiyo. Ƙirgan silinda daga gaba ake farawa, ta ɗaya tana wajen radiyata ta shida tana jikin tablo. Muka yi da safe injin a sanyaye, don ba a kwance buji a kulas na alminiyom da zafi. Na ga ɗan mai a jikin robar bobin ɗin, na sa tsumma na goge ban kawo komai a raina ba, nan ne na yi wauta.

Bayan kwana uku ta yi. Na soka baliz ina murna, sai ga P0302 da P0306 duka biyun, ta huɗu kuma shiru. Na zauna ina kallon waya kamar wanda aka aiko wa saƙo da Sinanci. Bobin sabo, buji sabo, a ce duka biyu sun lalace?

Akwai wani dattijo da ke da ɗan garaji can wajen Talladje, tun zamanin 504 yake aiki, ba ya son yawan magana. Muka kai masa da takardarmu. Ya karanta ya ce wa ya yi wannan, na ce ni ne Baba. Ya ce ka yi daidai amma ba ka duba ba. Ya sa yaronsa ya ciro bujin da ke ta shida, ya goge farin jikin da gefen rigarsa, ya juya shi a rana ya miƙo min. Wani siririn layi baƙi ne ya sauko daga saman farin tangaran ɗin har zuwa ƙarfen gindinsa, kamar an ja da fensir. Na sa farce na kankare, bai fita ba, ya ci cikin tangaran ɗin. Sannan ya ciro bobin da ke ta biyu, ya matse bakin robar ya haska tocila ciki, ga irin layin nan sak, toka-toka, a bangon robar.

Ya ce ɗana wannan hanyar wuta ce. Maimakon ta bi tsakiyar buji ta fita ta bakinsa, sai ta bi ta waje tsakanin roba da tangaran ta sauka a ƙarfe, kuma duk sanda ta bi tana ƙona wurin ta bar gawayi, gawayi kuwa yana ɗaukar wuta, gobe hanyar ta fi ta yau sauƙi. Layin biyu ne, ɗaya a buji ɗaya a roba, suna manne da juna. Na farko sun sa sabon buji cikin tsohuwar roba mai layi, robar ta zana wa sabon bujin. Na biyu sun sa sabon bobin a kan bujin da aka riga aka zana, bujin ya zana wa sabuwar robar. Kowanne ya canza rabi ya bar rabi, shi ya sa take yin sati biyu lafiya, lokacin da wutar ke ɗauka ke nan kafin ta sake share hanyarta. Ni kuma da na raba su sai na kai cutar gida biyu.

Na ce to Baba mi ya fara jawo layin tun asali? Bai amsa ba, ya haska tocilar cikin ramin buji na huɗu. Can ƙasa mai ne kwance yana ƙyalli, baƙi, ya kai rabin ƙaramin kofin shayi. Juwan murfin kulas ne ya bushe ya zama kamar busasshiyar fata, da aka cire shi ma karyewa ya dinga yi a hannu maimakon ya lanƙwashe, mai yana tsiyaya cikin ramin a hankali, ya jiƙa roba ya kumbura ta, ƙura ta samu wurin zama. Duk wanda ya buɗe wurin kafin mu ya ga man nan, ya goge ya rufe, har da ni. Ya ƙara da cewa masu wankin injin da ruwan matsi ma suna jawo irin haka, ruwa ya kwanta a ramin ba shi da mafita, shi ya sa wata motar sai an wanke ta ko an yi ruwan sama take fara ɗingishi.

Aka sa sabon juwan tare da na ramukan buji, ya duba murfin kansa da kyau don na roba ne yana tsagewa, aka tsane ramin da tsumma a kan sukudireba kafin a kwance bujin kada man ya gangara cikin silinda. Buji shida aka sake, NGK BKR6EQUP mai ƙafa huɗu irin wanda injin ke zuwa da shi, da bobin biyu, wanda ke da layin da kuma na ta shida da ya kwana uku a kan bujin mai layi, duka a rana ɗaya. Sauran huɗun ya haska su ɗaya-ɗaya ya ce a bar su. Anjekta ko taɓa su ba a yi ba, sai dai ya ɗora dogon sukudireba a kan kowanne ya kara kunnensa a ƙotar yana jin ƙas-ƙas ɗinsu, ya kuma girgiza fish-fish ɗin injin yana aiki ko zai canza murya, bai canza ba.

Ƙanena ya so mu wuce gida, dattijon ya ce a'a, ku jira rana ta yi. Wajen ƙarfe biyu muka fita hanyar Dosso ni da ƙanena, da yake kujera biyu gare ta, waya a cinyata tana haɗe da baliz, kilim a kunne, ya sa bites na biyar allura tana wajen 1800 ya danne har ƙasa. Ta ja tsaf ba ko gezau. Muka maimaita ya fi sau goma har muka wuce wurin biyan kuɗin hanya muka juyo, babu kod ko ɗaya. Da muka dawo Baba yana alwalar la'asar, ya ɗago ya ce to madalla, amma robar iskar nan ta bayan debimetir na ga ta fara tsattsagewa, ku nemo ta kafin damina.